Sanarwar Rasuwar Yayana

Yayana ya rasu a tsakiyar damina. Yana da ɗan shago a kasuwar Gadarif inda yake buga wa mutane takardun neman gona da na kotu, a shekarun da kowace takarda sai ta fara da bismillah da taken gwamnati. Ni manomin riɗi ne a Simsim, ban taɓa taɓa kwamfuta ba.

Da muka dawo daga maƙabarta, dattawa suka ce a buga sanarwa, a manna a masallatai, a ba direbobin Hawata da Gallabat su kai wa dangi. Aka miƙo mini makullin shago.

Maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya rubuta sanarwar a kwamfuta. Muka danna. Firintar ta yi gurnani, ta ja takarda uku a haɗe, ta shaƙe. Muka zaro su a yamutse. Muka kashe, muka kunna. Muka ciro harsashin tawada, mai agogo ya girgiza shi kusa da kunnensa, ya ce lafiyarsa lau. Wani tela ya leƙo ya ce marigayi yakan buge ta a gefen hagu. Na buge ta a hagu, na ƙara a dama. Ta ja huɗu.

Bayan la'asar na koma gida hannu wofi. Matar yayana ta shiga takaba, sai na tsaya a bayan labule na yi mata bayani.

"Wace waraga kuka sa mata?" in ji ta, tana nufin takarda.

"Ta cikin shago, Yaya."

"Wannan ta sha raɓa. Da damina yayanka kullum gida yake kawowa, in goge masa da makwa."

"Takardar kike gogewa?"

"Da rigunansa. Riguna tukuna."

Ta sa aka zuba garwashi a makwar, wato dutsen guga. Ina jin saukarsa a kan tebur, ɗaya bayan ɗaya. Can ta turo takardu ashirin ta ƙarƙashin labule, a naɗe cikin ɗankwali, da ɗuminsu.

Na sa su a cikin riga na kai shago. Firintar ta ja ɗaya tak, ta fito da sunan yayana baƙi wuluk a tsakiya. Na karanta a tsaye, sannan na zauna a kujerarsa. Mai agogo ya buga sauran, ya ɗauka ya tafi tasha da kansa.