Audugar da Ruwa Bai Ci Ba

Ban sani ba ko ka taɓa jin warin takardar da ta kwana uku a cikin ruwa. Wari ne mai tsami-tsami, ba ya kama da na komai. Makon jiya rufin ɗakin ajiyarmu a Gusau ya yi yoyo a kan wani kwalin tsofaffin littattafai. Ina buɗe shi warin ya buge ni, sai na zauna a bakin ƙofa na kasa ci gaba da aikin. Ya mayar da ni Bungudu, shekarar da nake aji biyar a firamare, lokacin jiharmu tana da shekara biyu da rabuwa da Sakkwato, kowa na ɗokin nuna cewa mu ma mun iya.

A ƙarshen daminar shekarar aka ce za a yi nunin amfanin gona na kwana uku a filin makarantarmu, manya za su zo daga ƙaramar hukuma. Malamarmu ta aikin hannu wata Kirista ce 'yar kudu, mijinta na aikin gwamnati a Gusau. Ita ta ce mu 'yan aji biyar za mu ƙawata bakin filin da manyan siffofin kayan gona, kuma da takarda za mu yi su. Muka yi ta dariya, sai da ta nuna mana. A yayyaga tsofaffin jaridu, a jiƙa su kwana uku, a daka a turmi, a matse, a kwaɓa da dafaffen sitacin rogo, sannan a riƙa lailayawa a jikin tsohon kwando har siffar ta fito. Wani aka ba shi masara, wata gyaɗa, wani barkono. Ni aka ba ni auduga.

Babana direba ne, shi ya roƙo mini jaridu a tasha. Innata kuwa sati guda tana mita a kan turminta, wai tuwonta na warin labarai. Ban damu ba. Audugata ta fito da kunnuwa huɗu a buɗe, ta kai mini ƙugu, na shafe ta da farar ƙasa har tana ɗaukar ido. Ni yarinya ce mai son a yabe ni, ba zan ɓoye maka ba, kuma har yau ban gama warkewa ba.

Makarantar ba ta da ɗaki mai makulli. Ranar da awaki suka shiga suka cinye rabin masarar wani ɗan ajinmu saboda sitacin, sai Malama ta ce kowa ya kai nasa gida ya bushe. Ta ce kafin ranar nunin za ta sayo man ƙyalli irin wanda kafintoci ke shafa wa kujeru, shi zai hana ruwa shiga. Haka audugata ta zo tsakar gidanmu, ta haɗu da Kaka.

Kaka uwar babana ce. Daga Kekun Waje aka ɗauko ta bayan rasuwar kakanmu. A zamaninta ita ce uwar daɓe a ƙauyen. Idan za a gyara ɗakin amarya ko na mai jego, ita ake kira ta tsaya a kan mata, a baza tsakuwa, a yi ta dukan ƙasa da madaɓi ana waƙa, ita kuma tana bi tana yayyafa ruwan makuba. Makuba ɓawon ɗorawa ne da ake jiƙawa har ruwan ya yi ja ya yi kauri. In ya shiga ƙasa sai ta ƙanƙame ta yi sheƙi, ruwa ba ya cin ta, gara ba ta kusantarta. Amma siminti ya riga ya zo. A Bungudu babu wanda ya taɓa kiranta ko sau ɗaya. Duk da haka akwai rabin buhun makuba a bayan gadonta da ta taho da shi daga ƙauye, ta hana kowa taɓawa. In an tambaye ta sai ta ce ba a san ranar da za a nema ba.

Ta zagaya audugata sau biyu, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta sunsuna.

"Ƙawata, wanga ai tuwon takarda na," in ji ta. "Kuma ruwa bai ɗauke ba, akwai saura. Kawo in shahe miki da makuba."

Na ce mata wannan aikin boko ne, akwai man da za a kawo daga Gusau. Ta ce to, ta koma kan tabarmarta.

Ranar Juma'a muka tafi Tsafe suna ni da Innata, muka kwana biyu. Da yammacin Lahadi muka dawo. Ina shiga gida na hango abu a gindin bango, ja-ja baƙi-baƙi kamar tsohuwar tukunya. Sai da na matsa na gane audugata ce. Kaka na zaune kusa da ita, hannayenta sun rine har gwiwar hannu, tana goge ta da wani sulɓaɓɓen dutse. Buhun na gefe, babu komai a ciki. Daga baya na ji cewa tun ranar Alhamis ta jiƙa makubar a ɓoye, ta haɗa da dafara, wani tsiro mai yauƙi, ta shafa sau biyar, kowane shafi sai ta jira ya sha iska. Ta ɗago tana murmushi, tana jiran in yi murna.

Na fasa kuka. Na ce wa ya taɓa ganin jar auduga, na ce ta ɓata mini aikin wata guda. Da a nan na tsaya, da yau ban rubuta wannan ba. Amma na ƙara da cewa, "Shi ya sa babu mai kiranki daɓe, kowa ya gaji da ƙazantarki."

Innata ta ɗaga hannu za ta mare ni. Kaka ta riƙe ta.

"Ƙyale ta. Gaskiya ta hwaɗi, ba a kira na."

Ta tashi ta ɗauki buhun, ta ninke shi, ta shiga ɗaki. Magana zarar bunu ce, na san haka tun ina ƙarama, amma ranar ban ji ko ɗar ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda zan rufe jan. Kwana biyu ina lafta farar ƙasa, shafi uku, har ya ɓuya. Ranar da muka mayar da kayan makaranta Malama ta zo da gwangwanin man ƙyallin, ɗan ƙarami, ta raba mana mu goma sha biyu. Kowa ya samu shafi ɗaya sama-sama.

Ranar farko rana ta buɗe, kayanmu suka yi kyau, mutane na tsayawa suna taɓawa. Rana ta biyu da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Manoma suka ruga kwashe buhunansu, babu wanda ya tuna da takardunmu, mu kuma aka kora mu cikin aji. Ta taga muka riƙa kallo. Barkono ne ya fara durƙushewa, sai gyaɗa ta tsage biyu, masarar da aka sake yi ta zube har kwandon ya bayyana. Audugata kuwa na ga farinta yana dalala, yana bin ƙasa kamar nono. Na rufe ido.

Da aka ɗauke ruwa muka fita. Duk sun zama taɓo, ita kaɗai ke tsaye, ja wur, tana sheƙi, ko kunne ɗaya bai faɗi ba. Na ƙwanƙwasa ta, ta amsa.

Washegari manyan suka zo rufe taro. Mutane sun taru a kanta fiye da kan buhunan dawa. Wani babba mai babbar riga ya sa aka nemo wadda ta yi, aka tura ni gabansa. Ya yaba, ya tambayi abin da na shafa mata har ruwa ya bar ta. A daidai lokacin na hango Kaka. Tana bayan igiya cikin matan unguwarmu, ta yafa farin mayafinta na zuwa biki, ta ɓoye rinannun hannayenta a ciki. Tana iya jin mu sarai.

Kalma ɗaya ce ake nema daga bakina. Amma na dubi takalman mutumin, na dubi 'yan ajinmu, sai na ji kunyar in ce makuba a gaban manya. Na ce, "Man da Malama ta sayo daga Gusau ne." Aka tafa, aka ba ni littattafan rubutu. Da na sake duba bayan igiyar, ba ta nan.

Malama ba ta tafa ba. Bayan an watse ta kira ni gefe.

"Man nan kowa na shafa wa, kin gani da idonki. Wane ne ya yi wannan aiki?"

Na sunkuyar da kai.

"Ko wane ne, ki kai ni wurinsa. Ina so in koya."

Na ce to, gobe. Ka ga, a ƙarshe an zo neman Kaka. Shekara nawa tana jiran wani ya tambaye ta abin da ta sani, ga mai tambaya ta zo, ta bakina kawai saƙon zai bi. Amma in na kai Malama gida ƙaryata ta fito fili. Gobe ta zama jibi, Malama ta tuna mini sau biyu, ta gaji ta bari. A gida kuwa Kaka ba ta canza mini fuska ba. Tana ajiye mini ƙanzo kamar kullum, tana ce mini ƙawata. Wannan ya fi mari ciwo, sai na riƙa guje wa ɗakinta. Bayan girbi ta ce tana son komawa Kekun Waje ta ga danginta. Ba ta dawo ba. Damina ta gaba ta rasu.

Yanzu ko a ƙauyen da wuya ka ga ɗakin daɓe, siminti ne ko tayil. Itatuwan ɗorawar da muke wucewa a hanya an sare da yawa an yi gawayi. Na tambayi mata da dama yadda ake haɗa makuba da dafara, kwana nawa ake jiƙawa, yaya kaurin yake. Kowa sai ta ce tsohuwarsu ce ta sani. Ba na kukan siminti, ni ma shi ne a ɗakina. Abin da ke ci na shi ne a gidanmu akwai wadda ta sani, ta so ta nuna, ni na tare ƙofa.

Shekaru da yawa bayan rasuwarta na je ƙauyen gaisuwa, na zauna da gwaggona, ƙanwar babana, wadda ta yi jinyarta. Na yi niyyar in faɗa mata komai, ko na samu sauƙi. Ina fara zancen audugar sai ta yi dariya.

"Ai mun sha labarin wagga auduga. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta hwaɗa mishi, jikarta ta yi abin da ruwa ya kasa, har manya sunka tahwa mata."

Na tambaye ta ko Kaka ta faɗi abin da aka shafa.

"Awo, ta hwaɗi. Ta ce wani mai na, daga Gusau."