Ranar da Baba Ya Hau Ƙaho a Khumra

Duk al'ummar da ta san ciwon kanta tana da filin da take zuwa ta kalli mutum da dabba suna gwada ƙarfi, kuma daga irin wannan kallo ake gane zurfin wayewarta. Na karanta labarin filayen Rumawa, na ji na mutanen Andalus da bijimansu. Namu filin, mu 'yan gida ɗaya a unguwar Sa'alaba ta Jidda, yana bayan wata katangar bulo ne a Khumra, inda manyan motoci ke sauke shanun da aka kwaso daga jirgin ruwa. Babu kujera, babu rumfa. Ƙuda dai akwai shi wadatacce.

Kowace Juma'a bayan la'asar muke tafiya, a bayan motar wani maƙwabcinmu mai kai ciyawa. Mu huɗu ne: Baba, Umma, yayana da ni. Umma takan riƙo fulas na shayi da wata jar kula cike da ƙosai. Idan mun isa sai a ajiye motar a gefe, mu zauna a kan damin ciyawa, mu jira a buɗe bayan tirela.

Wanda bai taɓa ganin bijimin da ya kwana biyar a teku ba, ba zai gane abin da muke zuwa kallo ba. Dabbar takan fito jiri na ɗibarta, ranta a ɓace, tana neman wanda za ta huce a kansa. Masu saukewa, yawancinsu 'yan Sudan da Habasha, sai su yi ta fama da igiya da sanda, wani ya zame cikin kashin shanu, wani ya haye katanga takalminsa a ƙasa. Mu kuwa muna shan shayi.

Baba ba dariya yake zuwa yi ba. Zuwa yake kamar malamin da aka kira duba jarrabawa.

"Dubi wancan," in ji shi. "Ya tsaya a gaban sa kamar mai jiran bas. Igiyar ƙafa ake fara sawa, ɗan nan, ta ƙafa!"

Baba mahauci ne, Barunde gaba da baya, daga wani gari a ƙasar Kano. A can, jajibirin sallah, akan fito da bijimi mafi mugunta, a ɗaura masa igiya ɗaya a wuya ɗaya a ƙafar baya, majiya ƙarfi su rirriƙe. Sai mai kalangu ya fara kiran samarin mahauta. Wanda jininsa ya tafasa ya fito, ya tunkari dabbar gaba da gaba, ya faɗa tsakanin ƙahonninta ya rungume wuya, ta yi ta watsa shi sama yana manne. Hawan ƙaho ke nan. Baba ya ce ya yi shi sallah tara a jere, kuma ba a taɓa kwasarsa a tabarma ba.

Mu dai labari muka sani. Shi da Umma sun zo aikin hajji ne, suka zauna, aka haife mu a Jidda. Baban da muka tashi muka gani mutum ne mai tafiya a gefen titi, mai sauya hanya idan ya hangi motar jami'ai, mai fiɗar raguna a bayan gidajen mutane ba tare da ya ɗaga murya ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Mutumin da ba shi da iƙama kuwa ba ya karyewa, domin daga gadon asibiti sai tarhil, wato a tusa ƙeyarsa zuwa gida. Tun suna Mina Umma ta sa shi ya yi alkawari ba zai sake kusantar ƙaho ba, sai dai da wuƙa a hannu, dabbar a kwance.

Yayana ne ya ɓata mana wannan zama. Lokacin ya kai shekara ashirin, Larabci ya fi masa sauƙi a baki, kuma ya shiga shekarun da mutum ke ganin duk abin da ubansa ya faɗa ƙari ne. Wata Juma'a Baba na cikin gyara wa wani ɗan Habasha kuskure daga nesa, sai ya katse shi.

"Ya Baba, halas mana. Kullum kalam, kalam. Mun ji sallah tara, mun ji kalangu. Ga sa nan, ga ƙaho nan. Wa ya riƙe ka?"

"Kai, ubanka kake gaya wa haka?" in ji Umma.

"Wallahi ya Umma tambaya ce kawai, bas. Ko hoto ɗaya babu."

Baba ya mayar da ƙosan da ke hannunsa cikin kula, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Juma'a uku bayan nan mun je Khumra, ya zauna ya yi kallo bai gyara wa kowa kuskure ba. Masu saukewa suka yi ta ɓarna son ransu. A gida ma ya daina ba da labarin garinsu. Sai a lokacin na lura labarin nan shi ne kaɗai wurin da Baba ke tsayawa da tsawonsa, kuma ɗansa na fari ya rushe shi da jimla biyu.

A Juma'a ta huɗu aka sauke wani baƙin bijimi mai faɗin ƙaho. Yana taka ƙasa ya fizge igiyar wuyansa, ya shiga juyi a tsakiyar fili yana tunkuyin iska. Ya kai wa gangar ruwa karo, ya kai wa tayar mota. Masu saukewa duk suka ɗare katanga.

Baba ya sauka daga kan ciyawa ya matsa ya daɗe yana dubansa. Ya dawo ya raɗa wa Umma wata magana da ba mu ji ba. Sannan ya cire takalmi, ya miƙa mata hularsa.

"Alhaji," in ji ta, "kana sane da shekarunka?"

"Ina sane, Hajiya. Amma Barunde ba ya shiga babu kiɗa. Idan ba kiɗa, sai in mayar da takalmina."

Na tabbata a raina magana ta ƙare. Ina za a samu kalangu a Khumra? Umma ta dubi yayana, dubawa mai tsawo. Sai ta juye sauran ƙosan a kan ƙyallen da ta rufe fulas da shi, ta kifa jar kular a cinyarta, ta ɗauki ludayin ɗibar ƙosai.

Ban san ta iya ba. Ashe 'yar mahauta ce ita ma, a cikin wannan kiɗa ta girma. Roba ba ta magana kamar fata, amma bugun ya fita daidai, uku a guje ɗaya a ja. Bijimin ya tsaya cak ya juyo da kansa wajen motarmu. Baba ya yi wa 'yan Sudan biyu ihu da Larabcinsa na kasuwa, suka sauko suka jefa igiya a ƙafar baya, karon farko da na ga an yi aikin yadda yake faɗa. Ya ɗaga hannu ya yi kirari da wata murya da ban taɓa ji a gidanmu ba, ya ambaci ubansa da kakansa. Ya sheƙa da gudu, dattijo mai furfura cikin farar jallabiya, ya faɗa tsakanin ƙahonnin.

Sau uku bijimin ya ɗaga shi. A na ukun na ga tafin ƙafafunsa sun kalli sama. Bai saki ba. Sai dabbar ta durƙusa, mutane suka zubo daga katanga suka danne ta. Baba ya miƙe a hankali, ya tako zuwa mota hannunsa dafe da haƙarƙari, ya karɓi hularsa.

Yayana yana tsaye yana kuka kamar wanda aka mara.

"Yalla," in ji Baba. "Miƙo min takalmina."

Haƙarƙari biyu suka tsage. Ba mu je asibiti ba. Wani mai ɗori mutumin Damagaram ya zo gida ya naɗe shi da zane, Baba ya yi wata guda da rabi yana barci a zaune. Yayana ne ya riƙa ɗaga shi yana zaunarwa, yana kuma roƙon a maimaita masa labarin sallah tara, da Hausarsa mai karkata. Khumra kuwa ba mu sake komawa ba, domin an ga wasu sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto ranar, Umma ta ce fuskar da ta shiga waya ba ta da sauran zama a gefen titi.

Na yi shekaru ina ba da wannan labari. Na ba ɗalibaina shi a matsayin misalin jarumta, na ba abokai shi a matsayin misalin abin da uba ke yi don kada ɗansa ya ɗauke shi maƙaryaci. Bayan rasuwar Baba, muna zaune da Umma tana tsince shinkafa, na ce mata abu ɗaya ne har yau ban gane ba: ita da ta karɓi alkawari a Mina, yaya aka yi ta ɗauki ludayi?

"Kai ma dai," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ka taɓa ganin na yi wauta da ubanku? Sai da ya je ya duba ya dawo ya gaya min. Bijimin makaho ne."