Tarihin Malam Sha'aban Idrisu, Majiɓincin Makarantar Kurame

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Sha'aban a garin Gumel a shekarar 1961. Mahaifinsa, Malam Idrisu, tela ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Sabuwa. Ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha biyar, ya yi karatun malanta, sannan a 1989 ya sami gurbin karatun shari'a a Riyad.

Aiki da Aure

Da ya kammala, wani asibiti ya zama kafil ɗinsa, wato mai tsaya masa a ƙasar, ya sami iƙama, takardar izinin zama, ya kama aikin tafinta. A 1993 ya auri Hajiya Sauda, suka zauna a unguwar Manfuha.

Hidimar Makaranta

A 2006 ƙanwarsa Shafa'atu ta buɗe makarantar kurame kyauta a wani ƙauye kusa da Gumel, da ɗalibai goma sha ɗaya. Malam ya ɗauki nauyin nema mata gudummawa a wajen Hausawan Riyad, kuma ya sha faɗa cewa masu kyakkyawar niyya sun fi marowata wahalar da shi.

A 2009 wani attajiri a kasuwar Dira ta Riyad ya aika wa makarantar lasifika huɗu da kwalin kaset na wa'azi. A 2012 wasu ɗaliban jami'a da suka je gida hutu suka kai ziyara, ɗayansu ya shafe sa'a guda yana jawabi da Larabci a gaban yaran da ba su ji ko kalma ɗaya ba, aka ɗauki hotuna, aka watse. Da Shafa'atu ta bugo masa waya tana ƙorafi, Malam ya tara jama'a bayan sallar Juma'a ya ce: "Don Allah ku riƙa tambaya. Alli suke so da malami, ba lasifika ba."

Daga nan ya kafa sharuɗɗa. Mai ziyara zai zauna a bayan aji ba tare da kyamara ba, mai son koyarwa zai fara koyon maganar hannu kuma ya cika zango guda, mai aika kaya kuwa sai ya ji ta bakin shugabar makaranta. Wasu suka ce ya cika tsanani, suka janye.

A 2018 malamin da ya fi ƙwarewa ya bar aiki, makarantar ta kusa rufewa. Malam ya bi gidaje da masallatai wata biyar bai sami mai zuwa koyarwa ba, sai dai alkawarin addu'a. A ƙarshe ɗansa Kamil ya ce zai je. Malam ya ƙi da farko, domin Kamil haihuwar Riyad ne, Hausarsa ba ta fita, amma Hajiya Sauda ta tuna masa cewa ba da baki za a koyar ba. Kamil ya tafi da niyyar zango ɗaya, bai dawo ba.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Sha'aban rasuwa a watan Maris na 2024 bayan gajeriyar jinya, aka sallace shi bayan la'asar, aka binne shi a Riyad. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Muzammil, Safiyya, Hajar da Kamil. Kamil bai samu halartar jana'iza ba. Washegari ya tsaya gaban ɗalibai tamanin da uku, ya sanar da su rasuwar da hannuwansa. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.