Akwatin da Bappa Ya Yaba

Har yau idan na ji mutum ya ce wa baƙo "ai naka ne", sai raina ya ɓaci, ko da a kan ƙwayar goro ce.

A Sakkwato na tsinci akwatin, bayan wani gidan silima, kafin a yanke mana jihar Kebbi da kaɗan. Irin na wasan nan ne mai tsayin mutum, da gilashin talabijin a ƙirjinsa, da hannu mai dunƙulen kai kamar giyar mota, da kafar jefa kuɗi. Ruwa ya kumbura masa gindi, ɓeraye sun yi gida a ciki. Lokacin ina gyaran rediyo a bakin kasuwar Gwandu, kuma ina ganin babu abin da zai gagare ni. Mai gadi ya ce in ɗauka in rage musu shara, na ɗora shi kan motar albasa.

Wata biyu na yi ina bin wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya ina liƙewa da dalma. Ranar da ya kawo wuta, wasu 'yan jirage suka fara zubowa daga saman gilashin, na ruga na kira mahaifina, wanda duk gidan muke ce wa Malam. Bai ko dubi jiragen ba, kafar kuɗin ya tsura wa ido.

"Abin da aka jefa ma kuɗi, caca ta," in ji shi. "Ba cikin gidana ba."

Na ji haushi, amma haushin bai daɗe ba, don na tuna da littattafan kakanmu. Rubutun hannu ne, warƙa-warƙa cikin gafakokin fata, jibge kan wani katako a ɗakin ƙasa. Akwai ɗaya da shi kansa ya wallafa, babu kwafinsa ko'ina a duniya. Kowace damina gara sai ta ci rabonta, Malam ya karkaɗe, ya yi salati, ya mayar.

Na kwashe kayan cikin akwatin kaf. Na sauya katakon gindi, na bi cikinsa da kwano, na yi masa hawa huɗu. Gilashin gaba na mai da shi ƙyaure, hannun wasan ya zama mariƙi. Ƙafafunsa na tsoma su cikin gwangwanayen madara cike da baƙin mai, in ga ta inda gara za ta hau. Na shafe zanen jiragen da koren fenti. Da muka jera gafakokin, Malam ya buɗe ya rufe har sau uku, ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Shi kuwa ba mutum ne mai arhar wannan kalma ba.

Ko wata ba a yi ba Bappa, yayan Malam, ya zo suna daga Kalgo. Ya shiga ɗakin ya tsaya gaban akwatin yana shafawa.

"Kai! Wanga abu ya yi kyawo. Wa yay yi shi?"

"Ɗanka na," in ji Malam. Sai kuma ya ƙara da abin da ake ƙarawa: "Ai naka na, Yaya."

A wurinmu kowa ya san yadda ake wannan. Babba ya yaba, ƙarami ya ce naka ne, babba ya ce Allah shi bar zumunci, riƙe mini. Shi ke nan, an fita kunyar juna, kaya na nan inda suke. Bappa ya san haka sarai, ya girme mu duka. Amma buɗar bakinsa sai ya ce, "Madalla, na gode. Gobe in turo mota."

Ya kuwa turo. Da hannuna na fitar da gafakokin na mai da su kan katakon nan. Na ce, "Malam, littattahwan hwa?"

"So kake in lashe miyauna gaban yayana? Ka yi wani."

Ka yi wani! Kamar a bakin rafi ake tsintarsu. Kunyar marar kunya asara ce, na faɗa a raina, don a fili ban isa ba. Nan take na ƙudurta ba zan ƙara buga ƙusa ɗaya a gidan ba. Damina ta sauka, ta yi ƙarfi, ni kuwa ko ƙofar ɗakin ban kalla ba. Jira nake Malam ya ce in yi haƙuri, shi kuma bai taɓa ba ɗa haƙuri ba.

Bayan an yanke gero ya kira ni. Yana zaune a ƙasa, gafaka buɗe a gabansa, cikinta jar ƙasa ce da guntayen takarda. Ta littafin da kakan ya wallafa ce. Ya ɗaga warƙa ɗaya, ina hango fuskarsa ta cikin hudojin. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi.

Washegari na hau mota sai Kalgo. Na tarar da akwatin a tsakar gida, kwance a kan gefensa kusa da turken awaki, gilashin ya fashe, an cusa ciyawa a hawa na biyu.

"Ɗana, akwatinka akwai albarka," in ji Bappa. "Kaji ukku sunka ƙyanƙyashe ciki."

Duk maganar da na taho da ita tun daga Gwandu tana bakina. Na durƙusa, na gaishe shi, na tambayi lafiyar iyali. Har da cewa madalla. Ashe ni ma ɗan gidan ne.

Mutum uku na yi fushi da su a kan littafin nan. Biyu sun riga mu gidan gaskiya, na yafe musu kamar yadda ake yi. Na ukun, wanda yake da guduma da ƙusa da damina guda a hannunsa, shi ne har yanzu na kasa yafe wa.