Fatar akuya a kan banjon tsoho

Shekara goma sha tara na yi ina ɗinki a shagon Alhaji, a titi na 116 a unguwar Harlem, nan Amurka, ban taɓa gaya wa kowa sana'ar ubana ba. In an tambaya sai in ce manomi ne a bayan Maraɗi. Ba ƙarya ba ce duka, yana da 'yar gona. Amma gurmi ne ya ciyar da mu: biki, suna, filin kokawa, yana kiɗa yana wasa mutane, ni ina biye da shi ina jin kunya. A garinmu ana son kiɗa, ba a son haɗa zuri'a da makaɗi. Na baro wannan sunan a can, kuma a nan har an fara sa ni wakilci wajen ɗaurin aure.

Kiɗan da na yarda a ji ni ina saurare shi ne kantiri, wanda muke ce wa kiɗan kaboyi. Tun ina yaro nake kamo shi a rediyon Najeriya ranar Lahadi da safe. Ko ban ji Turancin duka ba, na gane kullum wani ya bar gida, ko jirgin ƙasa ya tafi da wata, ko ana kewar uwa. Na ɗauka kiɗan Turawa ne zalla, masu faffaɗar hula, shi ya sa hankalina ya kwanta da shi.

Wani tsoho baƙin Ba'amurke ne ya ɓata mini lissafi. Mutumin jihar Tenesi ne, yana zaune a unguwar Morrisania, yakan kawo rigunansa in rage masa, don kullum ramewa yake yi. Ya ji abin da nake saurare, ya ja kujera ya soma ba ni tarihin da ban tambaya ba. Ya ce molon nan mai kaifin sauti da ake ji a ƙarƙashin waƙar, banjo, bayi ne suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata, irin na ƙasashen da aka kwaso su. Turawan ƙauye suka koya, suka haɗa da gogensu. Daga baya wasu suka riƙa shafa baƙi a fuska suna kaɗa shi don a yi wa baƙar fata dariya. Da rediyo da faifai suka zo, aka ce kantiri na farare ne. Mutanensa baƙar fata kuwa suka yar da banjo saboda kunya.

Wannan kalmar ta ƙarshe ta sa na karkace ɗinki, sai da na warware.

Da ya dawo, ya zo da banjon kakansa a cikin jaka. Ƙwarya ce sosai, ta yi ja don tsufa, fatar ta tsage daga baki zuwa tsakiya. Masu gyara sun ce sai dai su sa masa roba, ya ƙi. Yana so ya kaɗa wa matarsa a gidan tsofaffi inda take kwance. Ya tambaya ko a cikinmu akwai wanda ya san aikin fata. Na ce ni tela ne.

Sati biyu abin yana ci na. Da babbar salla ta zo, muka je mayanka a New Jersey, na ga ana zubar da fatu kamar ba su da amfani. Na ɗauki ta akuya ɗaya na ɓoye a leda. Na kira tsohon na karɓi banjon a bakin titi, ba a shago ba. A gida na jiƙa fatar da toka, na kankare gashin, na ɗaura ta tana da danshi, ina ja gefe da gefe ina kafawa, yadda nake riƙe wa ubana. Hannuna bai manta komai ba, abin da ya ba ni haushi ke nan. Matata, wadda ita kaɗai ta san asalina, ta toshe hanci ta ce, "Malam, ka dai san abin da kake tonowa."

Da fatar ta bushe na mayar wa tsohon kayansa a waje, na ce kada ya kawo shi shago. Shi kuwa ya faɗo shago ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wuri cike da mutane, ya zaro banjon yana nuna wa kowa. Ya gwada kaɗawa, tsarkiya ɗaya ta saki. Ɗan makaɗi zai jure zagi, amma ba zai jure wannan ba. Na karɓa na ɗaure ta, na buga da bayan farce ina tarewa da babban yatsa.

Tsohon ya ce haka kakansa yake bugawa. Ya ce, "Wa ya koya maka?"

Kekunan ɗinki duk sun tsaya. Da Hausa na amsa, don ba shi ne yake buƙatar amsar ba. "Ubana. Makaɗin gurmi ne."

Alhaji ya ɗan dube ni ta saman tabarau, ya sako ɗan Faransancinsa. "Bon. To mi? Koma bisa aikinka, rigar mutane na jira."

Shi bai sake tayar da maganar ba. Wasu sun fara ce mini Sarkin Kiɗa, da dariya, amma ina jin ƙayar da ke ciki. Ɗaurin aure biyu aka yi bayan nan, ba a nemi wakilcina ba. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba.

Tsohon ya kaɗa wa matarsa. Ya ce ba ta gane shi ba, amma ta riƙa motsa ƙafa.

A ranar na kira ƙanena a Maraɗi. Lokacin da ubanmu ya rasu an ce gurminsa nawa ne, ni ne babba, na ce a ba duk wanda yake so. Na tambaye shi wa aka ba.

Ya ce, "Yaya, ba a ba kowa ba. Inna ta ce a aje maka, wai za ka tambaya. Shekara takwas yana rataye a zaure. Bara gara ta cinye shi."