Jarkokin Zamzam a Jirgin Mijin Yayata

Mijin yayata mutum ne da idan abu ya shiga kansa sai dai a yi haƙuri. Shekara da shekaru yana jan tasi tsakanin unguwannin Mansur da Hindawiyya a nan Makka, rana ɗaya ya sayar da motar ya sayi ƙaramin jirgin kamun kifi a Shu'aiba, can bakin teku. Iyakar abin da ya mallaka ke nan a duniya. Mutumin da ko a kududdufi bai taɓa iyo ba!

Wanda ya sayar masa ya ce haɗarin teku iri biyu ne, akwai iskar da ke faɗowa farat ɗaya, akwai ruwan da ke shigowa jirgi sannu a hankali. Gogan naka na farkon kawai ya ji. Mu 'yan Makka ambaliya muka sani, wadda kana cikin shan shayi za ta tafi da motarka. Sai ya tara mu a saman gida, ni da ƙanensa, ya saka mana rigunan ceto yana ihu, "Iska! Yalla, ku kwanta!" Mu kuwa ƙarti da gemu muna ta zubewa ƙarƙashin igiyar shanya, maƙwabta na leƙe suna dariya.

Mata ma suka yi nasu shirin. Mahaifiyarsa, Inna, ta aiko manyan jarkokin Zamzam don tsari. Yayata ta ƙara nata. Goggonsa ta unguwar Misfala ta ji labari, ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. Wa ya isa ya ce wa tsohuwa ta mayar da Zamzam ɗinta? Muka loda su duka.

Ranar fita teku lafiya lau. Jirgi ya dannu cikin ruwa saboda nauyi, amma mu duk idonmu na sama muna jiran iska. Ban ankara ba sai na ga takalmina yana yawo a kan ruwa, cikin jirgi. Ashe kowace 'yar igiyar ruwa sai ta zubo mana kaɗan. Muka kama kwarfewa da kwanon abinci, ina!

Na ce, "Yaya, a rage kaya, jirgin nan zai tafi."

Ya dubi jarkokin, ya dube ni. "A'uzubillahi! Zamzam ɗin Inna zan zubar?"

"To mu shanye."

Wallahi muka kama sha. Ƙanensa ya miƙe zai sha a tsaye kamar yadda aka saba shan Zamzam, jirgi ya karkata, muka fizgo shi. Mun sha har ciki ya yi tulu, sannan ƙanen ya ce, "Wai ba a cikin jirgin cikin namu yake ba?"

Na fashe da dariya, amma nan take ta tsaya, don na ga mijin yayata yana hawaye. Tausayinsa ya kama ni sosai. Ya buɗe jarka ya yi bismillah, ya riƙa tuttulawa a teku yana cewa, "Inna ki yafe ni." Jirgi ya taso, muka lallaɓa gaɓa.

A gida muka ce ruwa ya so cinye mu, ba mu faɗi dalili ba. Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Kun gani? Zamzam ce ta cece ku. Ɗan nan, fita ta gaba ninki biyu zan aiko maka."

Ya buɗe baki, ya dubi fuskarta, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Inna."