Kwallin da Na Bi Har Barkiya

Ana sallame sallar asuba muka fita, ni da aminiyata, ko koko ban iya sha ba. Dutsin-Ma ba ta gama farkawa ba, sai masu ƙosai ke ta fama da ɗanyen icce. Barkiya muka nufa, gidan ƙanwata da ta haihu. Ba barka ce ta tashe ni ba, kwalbar kwalli zan karɓo.

Na daɗe ina haɗa man shafawa da humra da kwalli a gida, mata suna saye. Da na so kai su kanti, aka ce sai da lambar hukuma, lambar kuma sai an yi gwaji. Na sami wata malama da ta san aikin, na ce mata ai na gwada, shekara da shekaru nake sa kwallin nan, ko ƙaiƙayi bai taɓa yi mini ba. Ta ce, "Hajiya, ba wannan gwajin ake nufi ba." Ashe sai an kai kowane abu ɗakin awo, a san me ke cikinsa da abin da zai yi wa jiki in an daɗe ana shafawa. Da ta ga dutsen da nake niƙawa, fuskarta ta sauya. Ta ce irinsa sau da yawa akwai dalma a ciki, tana shiga jinin jariri ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba a ganewa sai yaro ya tasa. Sai na tuna akwai kwalba guda cikin kayan barkar da na aika wa ƙanwata. Wayarta kuwa ba ta shiga.

A tasha an ƙara kuɗin mota, direba ya ce mu tambayi gidan mai. Hanyar Kurfi gero ya fid da kai, gwanin sha'awa, amma kowa ya san dogon hatsi yana ɓoye abin da yake ɓoyewa, shi ya sa motar ta yi tsit, sai motsin carbi. Aminiyata ta sayi dafaffiyar gyaɗa, ta cinye tata ta cinye tawa, wai ita tsoro yunwa yake sa ta.

Daga Kurfi mashin muka hau. Laka ta ci hanya, wani wurin sai mu sauka mu tattare zane mu taka. Garken shanu ya tsayar da mu, su ba sauri suke ba. Ni dai Hasbunallahu nake ta ja.

Muna yin sallama na faɗa ɗakin mai jego, ƙamshin kunun kanwa ya tare ni. Na buɗe zanen jaririya. Idanunta raɗau da kwalli, har gira an ja mata. Na zauna a ƙasa.

"Yaya, lafiya?" in ji ƙanwata. Da na faɗa mata, ta miƙo kwalbar, ko buɗe ta ba a yi ba. Ashe surukarta ce ta hana, wai ba a sa wa jikarta kwallin birni, nata ta sa mata. Ban gama hamdala ba tsohuwar ta shigo da tandunta na fata da ragowar dutsen a ƙulle. Mai ƙyalli ne, irin nawa sak.

Na durƙusa na ce, "Inna, don Allah a dakata da shi."

"Ke ɗiyar nan, da shi na raini ubanta. Kin ga ya makance?"

"Ba ido yake taɓawa ba, Inna, ƙwaƙwalwa."

Ta leƙa tsakar gida, ta daɗe tana kallon ɗan nata yana neman hular da ke kansa. Ta ce, "To, wannan kam ban rantse ba." Har mai jego sai da ta dara. Ita da kanta ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta goge idon jikarta, ta ɗora mini tandun a hannu. "Ki kai su auna. In ba shi da laifi ki maido mini abuna." Suka kuma yi alkawarin faɗa wa malaman asibiti ranar rigakafi.

Ana idar da azahar muka juyo, don ba mai son yamma ta riske shi a wannan hanya. Da isata gida na kwashe kwallin daga kayan sayarwa, na aika wa duk mai goyon da ta saya ta ajiye shi. Na koyi cewa ba duk cuta ce ke yin zafi ba, kuma abin da aka gada ma yana buƙatar awo. Na kai dutsena da na Inna awo, sakamako bai fito ba tukuna, ku sa jaririyar nan a addu'a. Yanzu duk goyon da na gani a hanya, idonsa nake fara dubawa.